Tiramol, mofin da garkuwar jiki: amsa ga wani mai tambaya daga Gombe

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan Gombe ne, a Bolari nake zaune. Ƙanena dako yake yi a Tudun Hatsi. Shekara biyu ke nan da bayansa ya ƙage wajen ɗaga buhun masara, ya fara shan tiramol. Yanzu ƙwayar ta ƙaru, ciwon bai ragu ba, ya ma bi jiki duka, ga maruru da tari ba sa rabuwa da shi. Wani ya ce min irin waɗannan magunguna suna kashe garkuwar jiki. To ga 'yata mai sikila, shekararta 13, in ciwonta ya tashi mofin ake ba ta a asibiti. Wancan karon har na so in hana. Shin abin da ya sami ƙanena zai same ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba su lafiya su biyun. Aikina sa barci ne a ɗakin tiyata da kula da raɗaɗin marasa lafiya bayan an fito da su, saboda haka kusan kullum da mofin nake wuni. Tun kafin mu yi nisa: kada ka hana a ba yarinyar nan maganinta. Wanda ya ba ka labarin garkuwar jiki bai yi ƙarya ba, sai dai wutsiyar zancen ya kamo, ya bar kan a baya.

Mu fara da marurun ƙanen naka, tunda kowa ya san maruru. Ran farko ɗan ƙurji ne, ko kula shi ba ka yi. Bayan kwana biyu wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, yana zugi kamar ana kiɗa a ciki, ko riga ce ta goge shi sai ka zabura. Ƙwayar cutar da ta shiga tana da nata laifin, amma yawancin zugin nan aikin sojojin jikinka ne. Fararen ƙwayoyin jini da suka yi wa wurin dafifi, tare da wasu ƙwayoyi da ke zaman gadi a cikin fata, suna zubo sinadarai irin su histamin da furostagilandin da waɗanda muke kira saitokin, wato saƙon da sojojin ke aika wa junansu. Sinadaran nan ne ke buɗe hanyoyin jini don a kawo ɗauki, shi ya sa ka ga ja da kumburi. Su ne kuma ke tsokanar bakin jijiyar da ke kai labarin ciwo, har ta zama mai saurin fushi, abin da a da ba ta tanka masa yanzu ta yi masa kururuwa. Amfanin haka shi ne ka kiyaye wurin, ka bar shi ya warke. Mugunyar da ke fita ran da ya fashe, galibinta gawarwakin sojojin ne. Haka ciwon gaɓoɓi da kasalar zazzaɓin cizon sauro, mafi yawansu saitokin ne ke yawo a jini. A 1971 wani Bature ɗan Ingila, John Vane, ya gano cewa asfirin hana jiki ƙera furostagilandin yake yi, kuma ta wannan hanya ce ibufurofen da daikulofenak suke aiki. Su maganin kumburi ne, daga gindin wutar suke yayyafa ruwa.

Mofin da danginsa tasu hanyar daban ce. Mofin daga ƙaron wani fure ake fitar da shi, ƙaron da ake kira ofiyom, kuma wani mai haɗa magani a Jamus, Sertürner, shi ya fara ware shi a farkon shekarun 1800. Kodin ma daga ƙaron nan yake. Tiramol da fentazosin a masana'anta ake haɗa su, amma ƙofa ɗaya duk suke ƙwanƙwasawa. An daɗe ana mamakin yadda ƙaron fure ya san hanyar ƙwaƙwalwar ɗan Adam, sai a 1973 aka gano cewa a jikin jijiyoyinmu akwai wasu kwaɗuna da mofin ke buɗewa kamar mabuɗi. To kwaɗo ba ya zama banza sai da mabuɗin gida. A 1975 Hughes da Kosterlitz, a garin Aberdeen na Sikotland, suka ciro shi daga ƙwaƙwalwar dabba, suka sa masa suna enkefalin, daga baya aka samo ɗan'uwansa endofin. Ma'ana Allah ya halicci kowa da mofinsa a jiki. Yana daga cikin dalilan da ɗan dambe zai sha bugu a fage bai ji komai ba sai ya koma gida ya kwanta.

Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da nake koyon aikin nan shi ne, sojojin da suka hura wutar ciwon su ne kuma suke zuwa da gorar ruwa. Wani likitan sa barci ɗan Jamus, Christoph Stein, ya nuna a wajen 1990 cewa fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa a wurin kumburi suna ɗauke da endofin a cikinsu, suna sakinsa a bakin jijiyar, jijiyar ita kuma tana ƙara yawan kwaɗunanta a daidai wurin don ta karɓa. Da ya danne garkuwar ɓerayen gwajinsa da magani, sai wannan sauƙi ya ɓace. A 1991 ya gwada zuba ɗan mofin kaɗan cikin gwiwar mutanen da aka yi wa aiki, ya ba da rahoton raɗaɗi ya ragu ba tare da maganin ya kai ƙwaƙwalwa ba. Ka ga ke nan kumburin farko ba abokin gaba ba ne zalla. A 2022 ma masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada sun bi masu sabon ciwon baya na wata uku, suka tarar waɗanda suka warke su ne waɗanda fararen ƙwayoyin jininsu suka tashi da ƙarfi da farko sannan suka lafa. A ɓeraye kuwa, danne kumburin nan da wuri da irin su dekza, wani maganin kumburi mai ƙarfi, ya kawo sauƙi nan take, amma ciwon ya daɗe bai tafi ba. Riƙe maganar dekza, za mu dawo kanta.

Yanzu ga inda ƙanenka ya shigo. Labarin ciwo ba kai tsaye yake zarcewa ƙwaƙwalwa ba, sai ya yada zango a laka, wadda ke cikin ƙashin baya. A wannan zango akwai wasu sojoji na musamman, maikurogiliya, waɗanda aikinsu shara da gadi ne a cikin laka da ƙwaƙwalwa. In an bar su lafiya ba ka jin ɗuriyarsu. In jijiya ta ji rauni, ko aka daɗe ana ɗura wa jiki dangin mofin, sai su farka su fara zubo saitokin a kan jijiyoyin zangon. Kwatanta shi da lasifikar masallacin unguwa da yara suka murɗa har ƙarshe: ko tarin ladan sai an ji shi a bayan gari. A 2016 ɗakin binciken Linda Watkins a jihar Kolorado ta Amurka ya ba ɓerayen da jijiyarsu ta ji rauni mofin na kwana 5 kacal, sai ciwonsu ya ninka daɗewa a kan na waɗanda ba a ba su ba, da aka kwantar da maikurogiliyar kuma abin ya gyaru. Ɓeraye ne, kada mu manta, kuma wasu masana a jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna ita kanta jijiyar tana da hannu dumu-dumu a wannan canji. Amma abin da yake faruwa da ɗan Adam mun gan shi da idonmu. Na taɓa duba wani matashi mai aikin ƙarfi da ya shekara uku a kan tiramol. Na ɗauki auduga na shafa masa a damtse, inda bai taɓa jin ciwo ba, ya fizge hannu yana cewa wayyo kamar na ɗora masa garwashi. Ciwonsa na asali a ƙugu ne. Mahaifinsa da ke tsaye ya ce ai sammu ne, shi ya sa ciwon ke yawo.

Abu biyu ne ke haɗuwa a nan, a baki kuma kamanninsu ɗaya. Akwai sabo, inda jiki ya saba da maganin har ƙwaya ɗaya ta daina isa. Akwai kuma ƙarin jin ciwo da maganin da kansa ya haifar. Na farko in an ƙara magani yakan lafa na ɗan lokaci. Na biyu kuwa ƙarin magani ƙarin itace ne a wuta, kuma alamarsa ita ce wadda ka faɗa da bakinka: ciwon ya bar mazauninsa ya bi jiki duka. Ga na uku ma da ke laɓe a bayansu. Duk asuba, in ƙwayar jiya ta fita daga jini, sai hamma da hawaye da majina da zufa da ciwon gaɓoɓi su taso, mutum ya ce zazzaɓi ne ko taifot, ya sha ƙwaya ya ji garau, ya ce ai ga shi ita ce maganin. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Abin takaicin shi ne tun farko da wuya in bayan nasa ya buƙace ta. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2023, ya raba masu sabon ciwon baya da wuya gida biyu, aka ba wasu dangin mofin, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, bayan mako 6 ba a ga fifikon masu shan maganin ba.

To batun kashe garkuwa fa? Su ma sojojin jiki suna da irin kwaɗunan nan, saboda haka mofin yana iya taɓa su kai tsaye, yana kuma taɓa su ta hanyar ƙwaƙwalwa da sinadaran tashin hankali. An auna an gani yana rage kuzarin ƙwayoyin da ke farautar cutar bairos da ƙwayoyin daji, yana rage zafin naman masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Binciken da aka yi a Amurka a kan dubban marasa lafiya ya nuna masu shan dangin mofin, musamman da yawa, sun fi kamuwa da nimoniya mai kwantarwa a asibiti. Wani ɓangaren dalilin ma a fili yake: magungunan nan suna danne tari suna rage zurfin numfashi, majina ta kwanta a huhu. Kalmar kashewa dai ta yi nauyi, ragewa ce, kuma tana bin yawan magani da daɗewar shansa. Sannan ba duka suka zama ɗaya ba. Mofin da ɗan'uwansa fentanil sun fi danne garkuwa, tiramol kuwa a gwaje-gwajen da aka yi yana cikin masu sauƙin wannan illa.

Shi ya sa ban yarda a ɗora wa tiramol marurun ƙanenka da tarinsa a tafi a kwanta ba. Mai shan ƙwaya ba ya cin abinci sosai, ba ya barcin kirki, yana aikin da ya fi ƙarfinsa don ba ya jin gajiya, sau da yawa ga sigari. Kowanne cikinsu ya isa ya raunana garkuwa. Sannan ka tambaye shi a hankali ko yana sayen haɗin ciwon jiki a kemis, irin wanda ake ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda ba suna ba kwali. Sau da yawa a ciki akwai dekza ko firedinisolon, kuma waɗannan su ne masu danne garkuwa na gasken gaske. Suna tayar da suga, suna kumbura fuska har a riƙa yi wa mutum barka da ƙiba, suna buɗe wa tarin fuka ƙofa. In ya daɗe yana shansu, su ma ba a yanke su rana ɗaya. Tarin da ya wuce mako biyu a ƙasar nan gwajin majina yake buƙata, gwajin tarin fuka da maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. A auna masa suga, a yi gwajin ƙanjamau, ba don ana zarginsa da komai ba, don haka ƙa'idar maruru mai dawowa take.

Ka duba kuma lambar da ke jikin katin ƙwayar. Wanda hukuma ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, iyakar abin da likita zai ba babba a wuni kuma 400 ne. Na bayan fage har 225 ake samu, ka ga guda biyu sun riga sun haye iyaka. Daga nan ne jijjiga irin ta farfaɗiya ke zuwa, ana cikin aiki mutum ya yanke jiki ya faɗi da buhu a ka. Ba shi kaɗai ba ne a wannan rami: ƙididdigar da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta ce kimanin mutum miliyan 4.6 ne a Najeriya suka sha irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Wani abin da samari ba sa son ji: da yawa suna sha ne don ƙarfin iyali, alhali daɗewa a kan dangin mofin rage sinadarin mazakuta yake yi.

Kada ku ƙwace masa ƙwayar rana tsaka, kada kuma a kai shi inda za a ɗaure shi da mari. A kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko wani babban asibiti mai irin wannan sashe, a tsara masa ragi sannu a hankali, kamar kashi ɗaya cikin goma a mako, ko ma a wata ga wanda ya daɗe. Makonnin farko ciwon zai yi kamar ya ƙaru, ku gaya masa tun da wuri don kada ya karaya. Da yawa daga baya sukan ce ciwon ya tattara ya koma inda ya fito, ya kuma yi sauƙi. A duba bayan da kyau, a haɗa shi da masu gashi da motsa jiki na asibiti, in kuma jijiya ce ta matsu akwai magungunan da suka fi dacewa da ita, irin su amitiriftilin. Akwai wani haɗari da nake so ka gaya masa da bakinka: in ya daina na wasu makonni sabon jikinsa ya tafi, ran da ya koma ya sha adadin da yake sha a da, zai iya kashe shi.

Mu koma kan yarinya. Ciwon sikila ba taurin jajayen ƙwayoyin jini ne kawai ba. Fararen ƙwayoyin ma suna manne wa bangon ƙananan hanyoyin jini, jajayen masu siffar lauje su maƙale a jikinsu, hanya ta toshe, ƙashi ya rasa iska, kumburi ya tashi. Shi ya sa maganin sikilar nan da ake kira haidiroksiyuriya ke taimako ta fuska biyu: tana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi, wanda ba ya lanƙwashewa, tana kuma rage yawan fararen ƙwayoyin. A babban gwajin da aka yi a 1995 ta rage tashin ciwo da kusan rabi. In ba a sa ta a kai ba, ka tayar da maganar a kilinik ɗinsu. Kowane tashin ciwo da aka kauce wa, allurar mofin ce aka kauce wa.

Amma in ciwon ya riga ya tashi, raɗaɗi ne da manya ke kuka da hawaye a kansa, kuma barinsa ba magani shi ma yana cin garkuwa. Azaba tana sa jiki zubo sinadaran tashin hankali, kotisol da adirenalin, su kuwa danne sojojin jiki suke yi, su hana barci, su hana cin abinci. Ga wani abu da na sha gani a gadon asibiti. Yaro haƙarƙarinsa na ciwo, yana jan numfashi guntu-guntu kamar tsuntsu don kada ƙirjin ya motsa, tari ya zo ya haɗiye shi. Kwana ɗaya ko biyu a haka, ƙasan huhu ya rufe, zazzaɓi ya shigo, a faɗa ciwon ƙirjin sikila, wanda yana cikin manyan masu kisa a cutar. In aka ba shi mofin gwargwadon nauyin jikinsa, bayan minti ashirin ka ga kafaɗunsa sun sauka, ya ja numfashi har ciki, ya yi tari, ya nemi ruwa. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce a fara ba mai sikila maganin raɗaɗi cikin rabin awa zuwa awa guda da isowarsa. In maganin ya yi yawa shi ma yana rage numfashi, wannan ne dalilin da ake ba da shi a inda nas ke ƙirga numfashi, ga kuma nalokson a kusa, allurar da ke warware shi cikin mintuna. Kwana biyu ko uku a haka, a rage, a koma farasitamol da ibufurofen in ƙodarta lafiya, a sallame ta. Tsakanin wannan da shekara biyu ana haɗiyar 225 da shayi kafin a fita dako akwai tafiya mai nisa.

Idan ta yi ƙaiƙayi bayan allurar kada ka firgita. Mofin da kodin suna sa masu gadin fatar nan su saki histamin, sai a ga ana susar hanci da wuya. Ba shi ne jiki ya ƙi magani ba, firiton yakan rage shi. Wanda ake gudu shi ne kumburin leɓe da fuska da numfashi mai fito.

Raunin garkuwar da ya kamata ya hana ka barci game da ita yana saifa. Mai sikila tun yana ƙarami saifarsa ke lalacewa saboda yawan toshewa, ita ce kuwa matatar da ke kama wasu ƙwayoyin cuta masu saurin kisa. Don haka zazzaɓin da ya kai 38.5 a jikinta na asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare, ba na farasitamol a jira gari ya waye ba. Ka ajiye ma'aunin zafi a gida. A cika mata rigakafinta, har da na nimoniya, ta riƙa shan folik asid da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da aka rubuta mata, ta kwana a gidan sauro. Lokacin hunturu a rufe ta da kyau, a bar wankan ruwan sanyi da sassafe. Zafin Maris da Afrilu na Gombe kuwa ka san shi, gorar ruwa kada ta bar jakar makarantarta.

Inda tsoronka yake da gaskiya shi ne allurar fentazosin ta gida. Nan ne na ga masu sikila da dama sun zame. Ciwo ya tashi da dare, asibiti da nisa ko babu kuɗi, a kira wani mai allura a unguwa. Ta yi aiki, gobe a sake kiransa, wata rana yaron ya koyi yi wa kansa. Fentazosin yana ƙona naman da aka soka shi, jiki ya yi ta turo sojoji wurin, kumburi ya ƙi ƙarewa, tsoka ta rikiɗe ta zama tabo. Na taɓa kama cinyar wata budurwa mai sikila na ji ta kamar icen kirya, gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, ga gyambuna zagaye-zagaye sun ƙi warkewa, mun fi rabin awa muna neman jijiyar da za mu sa mata ƙarin ruwa. Ka roƙi likitanta ya rubuta muku a takarda abin da za ta sha a gida in ciwo ya fara, da adadinsa, da alamar da in an gani sai a taho asibiti. Ka ba mahaifiyarta kwafi ɗaya, ɗaya kuma ya zauna a aljihunka.